Dutse na Goma

Ran kasuwar Gangara da ta wuce ina ɗora duwatsu a amalanke, sai ga Sanusi, jikan ƙanena, ya ja birki da motonsa, wato babur, ya goyo abokansa biyu. Suka tsaya suna kallona suna dariya.

"Kaka Labo," in ji Sanusi, "wai har yau ba ka iya ƙirga ba? Kai da bakinka ka ce rumbu bisa dutse tara shike zama. To mi ya sa kullum goma kake wahal da jaki da su?"

Na ce masa jakin nawa ne, kuma bai kai ƙara wurin kowa ba. Ɗaya daga cikin abokan ya ce ai ginin rumbu ba wani aiki ba ne, laka ce a kwaɓa a ɗora, ko mai ginin tukunya ta fi mu shan wuya. Ban ji haushi ba. Su ne fa bara suka haɗa ƙungiya suka ce za su tayar da rumbun samari cikin kwana uku, ran na huɗu ya zauna ƙasa kamar tuwon da bai ji gari ba. Na ce in sun dawo daga kasuwa su same ni gindin dogon yaron ƙofar gidana. Sun zo da la'asar, ga kuma abin da na gaya musu, don sauran samari ma su ji.

Ni maginin rumbun ƙasa ne, wanda mutanen yamma wajen Cadakori suke ce wa rufewa. Na fi shekara arba'in ina wannan aiki, da shi na yi aure, da shi na ciyar da iyayenku, kuma na gode Allah. Amma ku fara sanin inda muke zaune. Garinmu jigawa ce, in ka tona rami har ya shanye ka, yashi za ka yi ta fitarwa. Gero yana son wurin, wake da gujiya ma haka, magini ne kawai ba ya samun komai nasa a nan. Laka sai an je tabkin gulbi an haƙo bayan ruwa ya janye. Dutse kuwa sai fakon arewa, yini guda zuwa, yini guda dawowa, kuma lokacin da na fara ba amalanke, bibbiyu jaki yake ɗauka a mangala.

Wurin Baba Hankurau na koya. Ba danginmu ba ne, babana ne ya kai ni ina ɗan shekara goma sha shida, ya ce tunda na fi son wasa da laka bisa riƙon hauya, gwamma in yi wasan inda zai amfane ni. Hankurau gajere ne mai faɗin tafin hannu, ba ya magana sai ta kama. Shekarar farko ko bangon rumbu ban taɓa ba, aikina taka laka. A zuba ƙasar tabki, a watsa mata ramno, wato busasshiyar ciyawar da aka daddatsa, a ƙara kashin jaki, a jiƙa, a tattake, a rufe da kara a bar ta kwana bakwai tana ruɓa, kullum ana juyawa. In ta yi, warinta ne ke fara faɗa. Hankurau yakan ɗebi curi ya sansana, ya sake shi daga tsayin ƙirji. In ya tarwatse sai ya ce, "Ƙara taka." In ya zauna ya ɗan baje bai tsage ba, sai ya wuce bai ce uffan ba. Na daɗe kafin in gane shirun nan shi ne yabonsa, ba shi da wani.

Shekara ta biyu na samu ƙarin girma, ina mulmula curi ina miƙa masa yana bisa tsani. Sai a ta uku ya bar ni na sa hannu a bango.

Kayan aikinmu duka buhu ɗaya ya ishe su, in ka cire tsani: hauya, turke da igiya na zana da'irar gindi, sakaina ta shafe bango, da ƙwaryar ruwa ta jiƙa hannu. Sauran duk hannu ne. Na hagu yana ciki, na dama yana waje, laka tana tsakaninsu, su ne ma'auninka. A gindi kaurin bango yatsa huɗu ne, yana hawa yana raguwa har ya koma yatsa biyu a wuya. In ya yi kauri nauyinsa ya kashe shi, in ya yi siriri gero ya tura shi ya fashe. Kuma ɗori ɗaya ake yi a rana, taƙi guda ko biyu, a bar shi ya sha iska ya kama jikinsa kafin a ɗora masa wani. Nan naku ya mutu, Sanusi. Kun ɗora ɗanye bisa ɗanye don kuna son a ɗauki hoto kafin Juma'a. Mu in ba ma son zaman banza, rumbu uku ko huɗu muke tayarwa lokaci guda, mu yi ɗori a gidan nan mu wuce gidan can, kafin mu zagayo gobe na farko ya sha.

Amma duk wannan na sama ne, kuma rumbu ya fi mutuwa daga ƙasa. Duwatsu tara ake kafawa, takwas a kewaye, ɗaya a tsakiya. A jera itacen ƙirya bisa kansu, a shimfiɗa daɓen laka, sannan bango ya tashi. Iska ta riƙa wucewa ƙarƙashi, kaji su riƙa shiga suna tono. Ba wai gara ba ta hawan dutse ba ne, tana hawa sarai. Amma a dutse dole ta gina hanyarta a fili, kaza ta gani ta tsince, ko matar gida ta gani ta kankare. In kuwa itace ne ya taɓa ƙasa, ta cikinsa take bi, ba mai ganinta. Sai ran da aka buɗe rumbu a tarar da ƙasa inda aka zuba hatsi.

Rumbun farko da Hankurau ya bar ni na kai har wuya na Buba ne, Bafillacen da ya zauna gabas da gari ya fara noma. Bai taɓa mallakar abin da ba a ɗaurewa a tashi da shi ba. Kullum sai ya zo ya tokare sandarsa yana kallon ginin yana hawa, ran da muka ɗora jinka ya zagaya shi sau biyu ya ce, "To, Labo, ya yi kyau. Amma in ruwa ya ƙi nan, ƙaƙa ake ɗora shi bisa sa?" Ladanmu shi ne ya kwantar da shanunsa a gonar Hankurau wata guda, taki ya zauna, matarsa kuma ta yi ta aiko mana da nono har muka gaji. Akwai wani kuma, ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsa suna cikinku, da ya ce shi dai a yi masa wanda ya fi na maƙwabcinsa tsawo. Hankurau ya tambaye shi dami nawa gonarsa take ba shi, ya ce wannan ba ruwan magini ba ne. Aka yi masa. Geronsa bai taɓa kai wa rabi ba, ɓeraye suka samu zaure. Mata sun fi maza iya sa aiki. Mace ba ta tambayarka tsawo, sai ta nuna maka inda ruwa ke bi da damina ta ce kada ka kafa nan.

Cikinsu ba kamar Inna Kuluwa. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta mata sun yi aure a wasu garuruwa, ita kaɗai take noma gamanarta, wato ƴar gonarta ta kanta, da gonar da ya bari. An san ta da irin gero zango, mai zangarniya tsawon hannu. Kafin girbi takan shiga gona tana zaɓen kawuna ɗaya ɗaya, ta ware na iri. Wani rani ta ce tana son rumbun tsimi, wato wanda ake cikawa a liƙe bakinsa da laka, ba a buɗewa sai ta ɓaci. A ranin nan kurkunu ya kwantar da Hankurau, ƙafarsa ta kumbura ko masallaci ba ya zuwa. Ya kira ni ya ce, "Tahi ka yi mata. Hannunka ya nuna." Shi ne aikina na farko ni kaɗai.

Na ari jakuna na je fako na kawo duwatsu tara cif. Wajen saukewa a gidanta ɗaya ya suɓuce ya faɗa kan ɗan'uwansa, ya dare gida uku. Na tsaya ina kallonsa. Laka ta riga ta ruɓa tana jirana, bazara ta matso, gajimare ya fara leƙowa daga gabas, komawa fako kwana biyu ne, kuma sai na je na gaya wa Hankurau cewa tun ranar farko na yi ɓarna. Inna Kuluwa ta tafi rijiya. A bayan dangarta akwai wani gungumen gawo a yashe, itacen da gara ta fi so a duniya. Na sare shi daidai tsayin sauran, na kafa shi ta wajen danga inda ba mai wucewa, na yaɓe shi da laka, na ɗan shafa wa sauran duwatsun ma don su yi kama. Na ce wa kaina da na gama zan kawo dutse in musanya. Aikin hantsi ɗaya ne muddin rumbu ba komai cikinsa: ka tone yashi, ka zare, ka tura dutse, sauran takwas suna riƙe da shi.

Rumbun ya fito da kyau, har yau ban san ko na sake gina kamarsa ba. Hankurau ya ɗingiso da sanda ya zo, ya ƙwanƙwasa bango, ya sa kunne, ya juya ya tafi bai ce komai ba. Sunana ya fita, aiki ya yi ta zuwa. Dutsen kuwa kullum gobe. Gaskiyar magana ba lokaci na rasa ba, kunya ce. In aka gan ni da dutse guda a bayan jaki na nufi gidan Kuluwa, duk wanda na gamu da shi sai ya tambaya. Damina ta faɗi, muka shiga gona. Shekarar ta yi albarka. Da kaka aka kira ni gyaran rumbuna a wasu ƙauyuka, na yi kwana ashirin, ina dawowa na tarar ta cika shi da zangonta har wuya, ta liƙe baki, an mayar da jinka. Rumbu cike kuwa ba a taɓa ƙafarsa, in ka zare ɗaya daɓe ya tsage.

Daminar da ta biyo ita ce mugunyar shekara. Ruwa ya sauka da wuri muka shuka, ya ɗauke, shuka ta ƙone. Muka sake, ta sake ƙonewa. Ta uku ta tashi har gero ya fara bununi, wato fure, sai sama ta bushe ƙaf, ɗan abin da ya yi ido tsutsa ta bi ta cinye. Gonar da ke ba da dami ɗari ta ba da bakwai. A shekara irin wannan ba mai kiran magini, wa zai gina rumbu ya zuba me? Na koma saran itace ina kai wa kasuwa. Maza da yawa suka tsallaka iyaka kudu neman abin da za su aiko. Aka ci dussa, aka ci tafasa, mata suka yi ta jiƙa anza, ƴaƴan wani itacen daji, kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Kafin tsakiyar rani gida bayan gida an daka irin da aka ajiye an sha. Ba wanda zai zargi wani, yaro yana kuka ba ka ce masa ya jira baɗi.

Inna Kuluwa tana da ƙaramin rumbu na ci, shi ta yi ta rabawa da maƙwabta har ya ƙare. Na tsimin kuwa ta ce ko kusa. Aka roƙe ta, aka aika mata dattawa, aka kira ta marowaciya a bakin rijiya. Mata suka ce ai rowarta ta kai ta sayar da dutsen niƙanta da ta gada wurin uwarta, don tun bara waccan ake ganinta da ƴar ƙwarya tana bin gidajen mutane aron dutse. Ita dai amsarta ɗaya ce.

"Wanga ba abinci ba ne," in ji ta. "Gonakinku ne a ciki. Ran da ruwa ya sauka kowa shi zo da ƙwaryarshi."

Duk gari ya dogara da rumbun nan, ni kaɗai na san bisa me yake tsaye. Nakan bi ta bayan gidanta kamar mai neman akuya, in leƙa ta ramin danga. Yaɓen yana nan lafiya lau, ko tsaga babu. Amma na riga na gaya muku, lafiyar waje ba ta nuna komai in itace ne a ciki. Wata ashirin da ɗoriya gungumen gawon nan yana binne a yashi, damina biyu ta bi ta kansa. Na ji tsoro, ba kaɗan ba, kuma duk ran da na yi shiru na san in gara ta shiga, ranar ma tana ci.

Da bazara ta kawo jiki mai gari ya tara mazan da suka rage a ƙofar gidansa da hantsi. Buba ne ya sa aka taru. Shanunsa sun mutu saura kaɗan, ya ce akwai bijimi guda da ke da ɗan nama, ya ba gari, a kai shi Gangara gobe a sayar a sayo iri tun ana samu. Aka yi masa godiya. Sai wani dattijo ya ce, "Iri kuma? Iri na nan gidan Kuluwa. A sayo abinci dai, mutane su samu ƙarhin riƙon hauya." Kowa ya ce haka ne. Wani ya ce shekara biyu fa, kada a je a tarar da wani abu. Aka ce masa haba, ginin Labo ne, hannun Hankurau ne. Hankurau yana zaune a gefe bisa buzunsa. Mai gari ya juyo wurina yana murmushi.

"Labo, kai ka gina. Rumbun zai riƙe?"

In na ce zai riƙe, kuɗin bijimi ya tafi a abinci, in aka buɗe aka tarar da ƙasa ba mai shuka ko ƙwaya a garin nan. In na faɗi gaskiya, sana'ata ta ƙare a wurin, da sunan mutumin da ya koya mini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na miƙe.

"Ranka shi daɗe, ban sani ba. Duwatsu takwas ne. Na taran gungumen gawo ne na yaɓe da laka."

Nan take aka fara salati, wani ya ce Allah ya isa, wani ya tashi kamar zai kawo mini mari aka riƙe shi. Ban iya kallon inda Hankurau yake ba. Mai gari ya ce surutu ba ya mayar da hatsi, a tashi a je a gani, in ya so a fasa bakin rumbun yau a ceci abin da ya saura.

Muka tarar da Inna Kuluwa zaune bisa tabarma tana tsame anza daga ruwa. Ta rame ƙwarai, zanenta har ya zagaye ta sau biyu. Mai gari ya gaishe ta, ya faɗa mata abin da ya kawo mu. Ba ta firgita ba. Ta share hannu a zane, ta dube ni.

"Kai ka yaɓe shi?"

"Ni ne, Inna."

"Kai ka hwaɗa da bakinka, ko kama ka aka yi?"

Mai gari ya ce, "Shi ya hwaɗa, Kuluwa, gaban kowa."

"To ba mai taɓa mini bakin rumbu," in ji ta. Ta jawo hauyarta ta miƙo mini. "Wanda ya yaɓe shi zai kankare."

Na ratsa tsakanin rumbu da danga na durƙusa, mutane sun cika bayana. Na san abin da zan ji, don na sha jin sa a rumbunan wasu: hauya ta nutse lufus, ƙasa ta zubo, fararen ƙwari su watsu. Na yi bisimilla na sara.

Sai hauya ta ce ƙwal.

Na zaci ƙafar na ɓata, na ƙirga daga kusurwar danga, ita ce. Na sake sarawa, ta sake ƙara har hannuna ya yi tsami. Na ajiye hauya na ɓamɓare lakar da yatsu. Dutse ne, baƙi, mai santsi, da kwarmi a tsakiyarsa. Ba maginin da ke kafa irin wannan. Dutsen niƙa ne, an tsayar da shi a gefensa an cusa ƙasa an danne.

"Tun daminar farko kaji suka tona maka asiri," in ji Inna Kuluwa daga bayana. "Kullum nan suke tono, ba su zuwa sauran. Na sa hannu na ji itace, gara har ta fara. Rumbu ba komai ciki, sai na tone na zare. Na duba gidan ga duka, ba ni da wani dutse sai na uwata."

Na ce, "Inna, mi ya hana ki hwaɗa mini?"

"In na hwaɗa maka gari ya ji, wa zai sake ba ka aiki? Hankurau ya tsuhwa, gari na son magini. Na mayar da lakar yadda ka yi, na ce bari in ga ran da za ka zo da ƙahwarka." Ta karɓi hauyarta. "Ka daɗe, ɗan nan. Amma ka zo."

Matan da suka ce ta sayar da dutsenta suna nan tsaye a bakin danga, ba wadda ta ɗaga kai. Ni kuwa ina durƙushe na yi kuka, ban ɓoye ba.

Washegari aka kai bijimin Buba kasuwa aka sayo abinci. Bayan kwana goma sha ɗaya ruwa ya sauka, mai yawa, har ƙasa ta jiƙu kamu guda. Da safe Inna Kuluwa ta aiko a kira ni, ta ce ni zan fasa. Aka sauke jinka, na hau tsani na farfasa liƙin. Ƙamshin da ya bugi fuskata na busasshen gero ne tsantsa, ba sanyi, ba warin ƙasa. Na shiga ina miƙo zangarniya, ita tana ƙasa tana rabawa, gida gida, har da waɗanda suka zage ta, har da Buba. Na kai har daɓe ban ga kai ɗaya da aka taɓa ba. Shekarar nan duk gonakin garinmu zango ne, kuma tuwon da kuka ci jiya jikan wannan geron ne.

Hankurau bai yi mini magana ba sai bayan an gama shuka. Na je gaishe shi, ya daɗe yana murza ƙafarsa, sannan ya ce, "Na koya maka kafa tara. Ban koya maka abin da za ka yi in ka ga takwas ba. Rabin laihin nawa ne." Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Mutanen gari kuwa sun yi shekaru suna kirana Labo Gawo, amma ba su hana ni aiki ba. Sai dai duk wanda na gina wa, sai ya zo da sanda ya ƙwanƙwasa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya a gabana, ni ma nakan ɗaga masa jinka ya leƙa ciki da kyau.

Da kakar ta yi na sayo wa Inna Kuluwa sabon dutsen niƙa, na kuma kawo dutsen gini daga fako, da rana tsaka, ta tsakiyar gari, don in zare nata in mayar mata. Ta karɓi sabon tana mita wai yana zuba mata tsakuwa a gari, sai ya shekara kafin ya yi laushi. Na uwarta kuwa ta ce kada in taɓa. "Bar shi nan," in ji ta, "ya samu aiki." Dutsen da na kawo ya rasa wurin shiga, na ajiye shi gefen rumbun, ta riƙa zama a kai tana tsinkar zogale.

Tun daga nan ban sake zuwa aiki da tara ba. A shekarun nan duka sau huɗu kawai na goman ya yi mini amfani, sauran nakan bar wa masu gida. Yanzu kuna da buhu mai leda da tano, wato durom, da ɗakin kwano, ban raina su ba, wake ma ya fi zama lafiya a buhun. Amma har yau ana kirana, kuma duk abin da hannun nan ya ci a duniya, bayan Allah, tsohuwar nan ce ta bar mini shi. Allah ya jiƙan ta, ya jiƙan Hankurau da Buba.

Da na kai nan a labarin, cikin samarin ba wanda ya yi dariya. Sanusi ya tambaya ko rumbun yana nan. Na ce yana nan bayan gidan jikanta, sau uku ina sake masa wuya, jinka kuwa ba adadi, amma ban taɓa gindin ba. Rana ba ta faɗi ba tukuna, sai muka taka muka je, muka yi sallama aka ba mu hanya. Na nuna masa wajen danga. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashi yana lalube, har ya kai kan mai santsin. Na ga tafinsa ya kwanta cikin kwarmin, wurin da hannun Kuluwa da na uwarta suka cinye. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya dubi rumbun tun daga ƙasa har jinka, bai ce uffan ba.